Kunkuru a bayan mota: dare shida a ɗakin tafi-da-gidanka

Ranar da na jawo shi gida, ƙin shiga ya yi. Da wannan zan fara, don duk mai sha'awar irin wannan abu ya ɗauki tef ya auna ƙofar gidansa kafin ya auna aljihunsa. Faɗi ya isa, tsayi ne ya gaza. Akwai wani ƙarfe da magina suka gitta a saman get ɗinmu na Malali a Kaduna tun shekarun baya, shi ya tokare rufin. Yaran unguwa suka taru, mai shayin bakin layi ya bar teburinsa ya zo yana ba da umarni, "Alhaji, a sace iskar taya!" Muka sace, bai isa ba. Haka ya kwana a waje, ni kuma na kwana a cikinsa ina gadi, sai da gari ya waye mai walda ya zo ya datse ƙarfen. Darena na farko ke nan a ɗakin tafi-da-gidanka: a bakin kwata, a ƙofar gidana, Hajiya ta aiko Auta da bargo da saƙon wai a gaishe da matafiya.

Mu a nan in an ce karaban, hankali yana tafiya ne ga kwantenar da 'yan kwangila ke girkewa a wurin aiki. Wannan daban ne. Ɗaki ne mai taya biyu da ake ɗaurawa a bayan mota, an gina shi a kan firam na ƙarfe mai kauri, an ɗaga cikinsa sama don kada dutse ko kututture ya taɓa shi. Rufinsa yana ɗagawa idan an tsaya, gefen ya zama tamfol mai tagogi da ragar sauro. Akwai gado biyu, kicin da ake jawowa waje kamar durowa, firji, tankin ruwa, batir da faifan sola. Yaran gidana tun ranar farko suka raɗa masa Kunkuru, sunan kuma ya bi shi.

Shekara 27 na yi ina haƙa rijiyoyin burtsatse a ƙauyukan jihar nan da maƙwabtanta. Na kwana a kan benci, na kwana a aji, na kwana a bayan a-kori-kura sauro na yi mini kiɗa. Da na ajiye aiki na koma noma a wata gona da ke wajen Kangimi, sai ga ni duk kaka ina kwana a kan buhunan masara a shagon wani. Ana cikin haka wani injiniya ɗan Afirka ta Kudu da muka taɓa aiki tare ya kira ni, ya ce kwangilarsu ta ƙare, zai koma gida, ba zai iya komawa da abin ba. Na je gani ne kawai. Kuɗin da na biya ba zan rubuta ba, don Hajiya tana karanta abin da nake rubutawa.

Abu na farko da mai saye zai sani shi ne, wanda ya ƙera wannan ɗaki bai san da mu ba. A Afirka ta Kudu hannun hagu ake tuƙi, kamar yadda mu ma muke yi kafin 1972. Saboda haka ƙofar shiga da kicin duk a gefen hagu suke, inda a can shi ne gefen da ke kallon bakin hanya. A nan kuwa, in ka faka a hannun dama kamar kowa, ƙofar a kan titi take buɗewa. Mai son ya tsaya ya dafa shayi a gefen hanya, to a layin tirela zai tsaya yana fifita. Ba gyaruwa wannan yake yi ba, sai dai mutum ya saba da neman fili ya sauka daga titi gaba ɗaya.

Sauran an gyara su a Panteka, kasuwar 'yan ƙira da walda ta Kaduna, cikin yini biyu. Soket ɗin cikinsa duk masu ƙafa uku zagayayyu ne, irin waɗanda muke sa wa na'urar sanyaya ɗaki, ba cajar waya ɗaya a gidana da ta shiga. Aka canza su. Mazaunin tukunyar gas an yi shi ne daidai da tasu, tamu mai kilo 12.5 ba ta zauna, bakin ma ba ɗaya ba ne. Wani yaro mai walda ya kalli wurin sau ɗaya, ya auna da tsinken tsintsiya, ya ce in dawo bayan la'asar. Na dawo na tarar da mazauni na tukunya mai kilo 6, da maɗauri, har ya shafa masa fenti. Na roƙe shi abu ɗaya, kada ya toshe ramukan da ke ƙasan akwatin, domin gas ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ta ƙasa yake neman mafita. Ya ce, "Baba, ai mun san wannan." Duk wanda ke raina Panteka bai taɓa shiga da matsala a hannu ba.

Inda maƙerin ya kyauta mini ba tare da ya sani ba shi ne ƙafafu. Tayoyin da kambunsu irin na Hilux ɗina ne, noti shida, tazararsu ɗaya. Ma'ana safayar mota tana shiga ɗakin, ta ɗakin tana shiga mota. Wanda ya taɓa yin faci biyu a rana ɗaya a hanyar ƙauye ya san darajar wannan. Sifirin ɗinsa ma na ganye ne, irin wanda kowane bakanike daga Kawo zuwa Saminaka ya sani.

Tafiyar farko ta gaske a tsakiyar Disamba muka yi ta, zuwa gona. Mu biyar: ni, Hajiya, babban ɗana, Auta, da wata jikanya da ta ƙi a bar ta. A jikin farantin da aka manna a wuyan ɗakin an rubuta cewa nauyinsa ba kaya ya kai wajen kilo 1,200, iyakar abin da zai kai da kaya kuma 1,800. Na karanta, na ga akwai sarari, na ce a loda. Abin da ban yi tunani ba shi ne inda za a loda. Janareta, jarka biyu ta ruwa mai lita 25, rabin buhun shinkafa, duk muka tura su can ƙurya ta baya, don nan ne wuri ya rage.

Daga Kawo har Rigacikun lafiya lau. Mun karya kwana a Mararrabar Jos, hanya ta miƙe, na ɗan taka har allura ta haura 90. Sai wata tirela ta wuce mu. Iskarta ta bugi Kunkuru, na ji bayan mota ya ja hagu, ya dawo dama, ya sake komawa, kowane zuwa ya fi na baya faɗi. A madubi ina ganin ɗakin yana kaɗa gindi kamar saniyar da ƙuda ya dama. Hajiya ta fara salati. Ƙafata ta nufi burki, sai na tuna abin da mutumin ya nanata mini ranar ciniki: kada ka taka burki da ƙarfi, kada ka bi shi da sitiyari, ka ɗage ƙafa daga totur ka riƙe hannu a miƙe. Na yi hakan. Gudu ya ragu, kaɗawar ta lafa, na samu fili na sauka. Sai da na yi minti biyar a zaune kafin gwiwoyina su yarda su ɗauke ni.

Laifina ne. Abin da ake ja dole nauyinsa ya ɗan rinjaya gaba, ya danna ƙugiyar mota, masu harkar suna cewa kusan kashi ɗaya cikin goma na jimillar nauyin. In nauyi ya taru a bayan taya, wuyan yana ɗagawa, ɗakin ya zama shi ke tuƙa motar. A nan bakin hanya muka sauke komai, janareta ta koma bayan Hilux, jarkoki da shinkafa suka dawo saitin taya. Tun daga ranar ban sake wuce 80 ba, bai kuma sake yi mini rawa ba. Burkinsa kuwa na yaba. Ba wayar lantarki ba ce ke sarrafa shi: in mota ta rage gudu, ɗakin yana turo wuyansa gaba, turowar ce ke jan burkin tayoyinsa. A gangara za ka ji yana riƙe kansa maimakon ya tunkuɗa ka.

Da muka bar kwalta muka hau burji, nan ya nuna abin da aka gina shi dominsa. Hanyar gonarmu damina ta cinye ta, akwai wani kwazazzabo da ko masu babur sai sun sauke fasinja. Na rage iskar tayoyi shida ɗin duka, na sa giyar ƙarfi, babban ɗana ya shiga gaba yana nuna mini da hannu. Mota ta gangara ta karkata hagu, ɗakin yana sama ya karkata dama, mahaɗin da ke tsakaninsu ya juya ya ba kowa hanyarsa. Ba abin da ya goga ƙasa. A rairayin da ke gindin rafin ma bai nutse ba, saboda sawun tayoyinsa yana bin sawun motar daidai, ba sabuwar hanya yake yankawa ba. Da muka isa na buɗe kabad, kofuna da farantai na nan zaune kowanne a raminsa na soso, ko ɗaya bai fashe ba. Akwai wasu ramuka shida dogaye da aka yanka don kofunan giya, yanzu cokula da ludayi ne a ciki. Abin da ya yi ɓarna namu ne: galan ɗin manja da ba a ɗaure bakinsa da leda ba. Har yau in rana ta yi zafi durowar tana tuna mana.

Ƙura kuwa ta shiga. Ba ta ƙofa ba, robar ƙofar tana kamawa sosai. Ta wata tagar iska da ke ƙasa kusa da firji ta bi, ta shimfiɗa jan gari a kan katifa kamar an barbaɗa yaji. Yanzu kafin mu hau burji ina toshe ta da soso, in mun tsaya in cire.

To, ga maganar da ta fi duk waɗannan, wadda ba ta cikin littafin da aka haɗo ni da shi. A bangon littafin akwai hoto: ɗakin shi kaɗai a gindin bishiya, rana na faɗuwa, ba kowa sai mutum biyu a kan kujeru. A ƙasarsu akwai wuraren da aka keɓe don wannan, da shinge da mai gadi da famfo, ka biya ka kwana. Ni ma da wannan hoton a kaina na tafi. Na riga na zaɓi wata tsamiya a bakin dam, nesa da gari. Da na je gaida mai unguwa da ɗan goro na faɗa masa niyyata, sai ya yi shiru yana kallon tabarma.

"Alhaji, kai baƙonmu ne ko baƙon daji?"

Na ce, "Allah ya ba ka nasara, naku ne."

"To baƙonmu a inda idonmu ke kaiwa yake kwana. Farin abu kamar wannan, da fitila a jikinsa, ana hango shi daga tsallaken ruwa. Ka kawo shi masussuka, bayan masallaci. 'Yan sintiri nan suke hira."

Ban yi gardama ba. Kowa a jihar nan ya san abin da ake nufi. Gandun dajin Kamuku da ke Birnin Gwari, wanda a ce lafiya ake da shi ne wuri na farko da mai irin wannan ɗaki zai nufa, ba wanda zai ba ka shawarar ka kai iyalinka can ka kwana. Ƙarfen da ke ƙarƙashin Kunkuru zai iya kai ka ko'ina. Inda za ka runtsa ido kuwa mutane ne ke ba ka shi, da gaisuwa da sanayya, ba da giyar ƙarfi ba.

Saboda haka a masussuka muka sauka, tsakanin tarin karan dawa da rijiya. Kafawa ba wuya: a daidaita shi da duwatsu a ƙarƙashin taya ɗaya, a sauke ƙafafun baya, a ɓalle maƙullai huɗu a tura rufi sama, a jawo gadon gaba. Minti ashirin ya ɗauke mu, yanzu goma ya ishe mu. Rumfar gefe ce mai cin rai, sandunanta sun yi yawa, iskar hunturu kuma ta tumɓuke ta sau biyu kafin mu ɗaure igiyoyin a jikin turmi.

Kafin mu gama, gari ya iso. Yara suka yi da'ira. Dattawa suka zo sannu da zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowa a shigar da shi ya ga gado, ya taɓa famfo, ya buɗe firji ya sa hannu ya ce ikon Allah. Mata suka ja Hajiya gefe. Wata Bafulatana daga rugar da ke kusa ta kawo nono a ƙwarya ta ƙi karɓar kuɗi, wani masunci ya kawo karfasa huɗu suna motsi. Sukarin da muka auna na kwana uku a daren farko ya ƙare. Sannan wani saurayi ya hango soket. Ya tambaya cikin ladabi ko zai ɗan sa wayarsa. Wa zai ce a'a? Kafin sallar isha'i na ƙirga waya 14 da fitilun caji uku a kan teburin cin abinci, an jona wannan a jikin wancan kamar zaren gizo.

Wajen ƙarfe uku na dare firji ya fara ƙara, ya kashe kansa. Batirin ɗaya ne, mai amfiya 105, kuma irin na dalma ne, wanda rabin abin da ke cikinsa kawai ake so a sha in ana son ya yi ƙarko. Da rana ma bai cika ba, domin hazo ya rufe rana, ƙura kuma ta kwanta a kan faifan sola har ana iya rubutu da yatsa. Na koyi goge shi safe da azahar. Na kuma koyi tayar da janareta awa ɗaya bayan magariba, a yi cajin gari gaba ɗaya a lokacin, a bar batir da firji su kwana lafiya. In Allah ya hore, batirin litiyam zan saka, amma wannan sai bayan an sayar da masara.

Ruwa ma haka. Tankin lita 150 yake ci, mai shi na farko ya ce yana kai su kwana biyar shi da matarsa. Mu la'asar ɗin rana ta biyu famfo ya fara tari. Ba su yi lissafin alwala sau biyar ta mutum biyar ba, balle baƙon da zai ce a ɗan sam masa a buta. Mun cika daga rijiya, muna tacewa da ɗankwali don kada yashi ya kashe famfon. Ruwan sha dabam muke riƙewa.

Kicin ɗin Hajiya ce ta yanke masa hukunci, ni ɗan kallo ne. Murhun gas ne mai kai biyu, kusa da juna, an yi su don ƙaramar tukunya da kaskon suya. Ta ɗora tukunyar tuwo, ta rufe kai biyun duka, ta sa muciya sau ɗaya durowar gaba ɗaya ta yi lilo. Ta sauke ba ta ce komai ba, ta aiki Auta ya samo duwatsu uku. A ƙasa aka tuƙa tuwon, da karan dawa, kamar yadda kakarta ta yi. Kicin ɗin Bature ya zama na shayi, ƙwai da ɗumame, a nan kam ba shi da laifi, in ka kare wutar daga iska da murfin kwali. Banɗaki shi ne abin da ta fi tsoro kafin mu taso. Wata 'yar rumfa ce ta tamfol da ake kafawa a baya, da masai na roba mai tankinsa a ƙasa, da shawa. Ta duba ta ga zif yana rufewa har ƙasa, ba a ganin inuwar mutum in ba a kunna fitila a ciki ba, ta ce ya yi. Zubar da tankin aikin maigida ne, ba kuma a gaban jama'a ba. Da sassafe nake ɗauka in yi nisa da rijiya da rafi in haƙa rami.

Barci dai na yi shi, irin wanda na daɗe ban yi ba a gona. Katifar ba ta da kauri amma ba ta lotsawa. Sauro ko ɗaya bai shigo ba. Tamfol ba ya tare sauti, kana jin tarin 'yan sintiri da rediyonsu, da jakin da ke bayan masallaci. Da asuba na farka na ga raɓar numfashinmu ta taru a jikin rufi tana ɗiga a kan bargon jikanyata, don mun rufe tagogi duka saboda sanyi. Na zuge ɗaya kaɗan. Ladan ya yi kira, ba lasifika, muryarsa kawai. Na fito da buta, na murɗa famfon gefe, ruwa mai ɗumi ya zubo, saura daga na'urar dafa ruwa da muka kunna da dare. Wani tsoho da ke wucewa zuwa masallaci ya tsaya, na zuba masa a tasa butar. Ya sa yatsa, ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Alhaji, wannan ai sai ta sa mutum ya ƙi komawa gida."

Tafiya ta biyu ta fi nisa. Wani abokin aikina na shekaru, mutumin Kagoro, ya daɗe yana gayyatata bikin Afan da suke yi kowace ranar 1 ga Janairu, kullum ina kawo uzurin masauki. Bana ba uzuri. Mun tashi bayan sallar asuba ranar 30 ga Disamba, da sharaɗin da na gindaya wa kaina: hanyar Kachia da rana kawai, ba tsayawa inda ba mutane. Kujama, Kasuwan Magani, Kufana, Idon. A kowane shingen bincike sai an tsayar da mu, ba don neman laifi ba, don kallo. Wani jami'i ya zagaya shi sau biyu ya ce, "Yallaɓai, asibiti ne ko gidan rediyo?" Na buɗe masa, ya kira abokansa. Duk da haka ina riƙe da takardar ciniki da takardun shigo da shi a aljihun gaba, mai irin wannan kada ya fita ba su.

Mai kuwa yana sha. Tankin da ke kai ni Kafanchan har in yi yawo a gari, a Kachia na ga allura ta faɗi ƙasa da inda na saba gani da nisa. Tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 ba wanda ke raina irin wannan lissafi. A gidan man Kachia ne kuma na sha kunyar da ta fi ta ranar get. Na wuce famfo da kaɗan, sai an yi ribas. Ribas da abu a baya juye yake: ka karya sitiyari dama, gindinsa ya tafi hagu. Na sani a kai, hannu ne bai sani ba. Sau huɗu ina naɗe shi har wuyansa ya kusa taɓa bamba. Masu sayar da citta da 'yan acaɓa kowa na ihu da nasa umarnin. Ƙarshe wani direban tirela ya ajiye kofin shayinsa ya zo taga, ya ce, "Baba, kawo." Da hannu ɗaya, kallo ɗaya a madubi, ya ajiye shi a gindin famfo. Ya ce in riƙa kama sitiyari ta ƙasa, duk inda nake so gindin ya tafi in kai hannuna can. Na gwada a filin makaranta da muka isa, haka ne kuwa.

A Kagoro cikin gidan abokina muka kafa, a gindin mangwaro, dutsen yana tsaye a kanmu. Dare uku. Sanyin can ba irin na Kaduna ba ne, yana saukowa ne daga dutse ya shiga ƙashi, tamfol kuma ba bango ba ne. Bargo bibbiyu muka yi, da hular sanyi. Na'urar dafa ruwan nan ita ta sayi zuciyar Hajiya, har matar gidan ta riƙa aiko da bokiti. Mun ga maharba da 'yan rawa, mun ci abin da ya fi ƙarfin cikinmu. Wurin da ruwa ke zubowa daga dutse a Matsirga kuwa da mota kawai muka je, muka bar ɗakin a gida, don abokina ya ce wurin juyawa zai ba ni wahala, bayan abin da ya faru a Kachia kuma ban nemi ƙarin bayani ba. Wannan ma wani amfani ne da motar da aka mayar ɗaki ba ta da shi: ka zare ƙugiya, ka bar gidanka a kafe, ka tafi yawonka.

Da muka dawo na kai shi wurin bakanikena. Ya buɗe boris ya sake cika su da giris, ya bi notuna ɗaya bayan ɗaya, ya samu biyu sun kwance a ƙarƙashin tankin ruwa, da sukurori uku na hinjin kabad. Ya ce duk bayan tafiyar burji a riƙa yin haka. Abin da ke ƙasa duk zai iya. Abin da ya ce in yi addu'a kada ya lalace shi ne famfon ruwa, na'urar dafa ruwa da ƙwaƙwalwar firji, domin ya zagaya bai ga irinsu a kasuwa ba, sai an yi oda.

Dare shida ba su isa a san halin abu ba, kuma duk a hunturu aka yi su. Zafin Maris da Afrilu yana nan tafe, ɗakin ba shi da na'urar sanyi, 'yar fanka ce guda. Ruwan Agusta ma bai taɓa dukan tamfol ɗin a hannuna ba. Amma wanda ke da gona mai nisa, ko aikin da ke kai shi ƙauye ya kwana, yana da mota mai ƙarfin ja, yana kuma da mutane a inda za shi, zai more shi. Wanda hoton bangon littafi ya ruɗa, yake son ya guje wa jama'a ya kwana shi kaɗai a gindin tsamiya, ya riƙe kuɗinsa tukuna.

Yanzu yana tsakar gida a ƙarƙashin darbejiya. In an ɗauke wuta, naman miya da maganin Hajiya a firjinsa suke kwana. Auta ya mayar da shi ɗakin karatu, ko da yake na fi jin ƙarar wasan ƙwallo daga ciki. Shekaranjiya ƙanin Hajiya ya zo, ya zagaya shi, ya ce bikin 'yarsa saura mako uku, baƙi daga Zariya sun yi yawa, ko za a ja masa shi zuwa Tudun Wada na kwana huɗu. Na ce masa layinsu ba zai juyu ba, batirin ba shi da ƙarfi, tankin ma yana son wanki. Ya ce ba komai, Yaya ta riga ta ba shi makulli, ranar da zan kawo kawai ya zo ji.